Wanda Ba Za a Iya Saki Ba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar yaro ga maigidan da ya zame masa uba, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, Inna da jikoki kuma suna lafiya. Sau uku na kira wayarka a makon jiya, kowane karo sai in ji kana ta “Wa ke nan? Wa ke nan?” har ka kashe. Shekara talatin cikin ƙarar injinan maɗaba'ar nan ba su bar maka kunne ba, shi ya sa na koma ga biro. Direban motar takarda ya ce gidan 'yarka a kan hanyarsa yake, zai riƙa kai maka yana karɓo mini amsa.

Baba, abu ne ya tsaya mini a rai. Tun da ka yi ritaya ka bar mini shugabancin ɗakin inji, shekara goma ke nan, ban taɓa rasa abin yi irin na yanzu ba.

Ma'aikata suna ta gudu. Bara kaɗai mutum goma sha huɗu suka ajiye aiki. Sai manaja ya ɗauko wata mata ya ba ta ofishin kula da ma'aikata, mu a ƙasa Mai Tabarau muke ce mata. Ta kafa allo a bakin ƙofa, ta ce daga yau duk gurbin da ya buɗe sai an tallata wa na cikin gida mako biyu kafin a nemi na waje, domin mutum ba ya zama a inda bai hango gabansa ba. Wallahi har tafa mata na yi.

Gurbin farko da aka liƙa shi ne na mai tsara aiki, wanda zai zauna a ofishin sama yana yanke wane aiki zai hau wane inji da kuma yaushe. Ina karantawa na ce wannan kujerar Bahago ce. Ba ka san shi ba, shekara guda bayan tafiyarka ya zo. Shi ke riƙe da Tsohuwa, injin nan naka mai kala huɗu da ke da taurin kai fiye da mu duka. Yana ɗora tafin hannu a jikinta zai faɗa maka abin da zai lalace jibi. Kuma gaskiyar magana, tsarin aikin ma shi yake yi tun tuni. Kullum da safe nakan tsaya kusa da shi da kofin shayi in ce “Me ka gani?”, ya jera mini, in je in rubuta.

Ya cike fom ya kai. Bayan kwana biyu aka dawo masa da shi. Wai sharaɗi ne sai mai takardar shaidar kwas ɗin nan na wata uku, wanda kamfani ke tura mutum ɗaya daga kowane sashe duk shekara. Bahago bai taɓa zuwa ba. A duk ɗakina ka san wa ke da takardar kuma ya nema? Wani da muke kira Sai Gobe. Sunan ma ya ishe ka bayani.

Ka gani ko, Baba? Mutanen sama takarda suke bauta wa. Ka ba ni shawara yadda zan ɓullo musu, don Bahago ya yi shiru, kuma shirunsa ba ya yi mini daɗi.

Uwar yara tana gaishe ku. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Dogo

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, jikata ta taya ni karantawa, ta ce in tambaye ka ko da ƙafa ka rubuta. Na ce mata haka rubutunka yake tun kana saurayi, gara ma yanzu. Ƙafa dai tana nan, ran da ta ga dama ta bar ni in je masallaci, ran da ba ta ga dama ba mu zauna tare. Innarka tana amsawa, ta ce kun manta da ita.

Na ji daɗi Tsohuwa tana raye. Na ɗauka tuni kun sayar wa masu gwangwan.

Na karanta ƙorafinka sau biyu. Ka zagi mutanen sama, ka zagi takarda, ka ɗan taɓa matar nan mai tabarau wadda ban ga laifinta ba tukuna. Abu ɗaya ne ban gani a wasiƙar ba. A zamanina shugaban sashe ne yake zaɓar wanda zai je kwas. Ko an canja? In ba a canja ba, wa ya tura Sai Gobe? Kuma shekara tara Bahago yana ina ake tura wasu?

Ka amsa mini wannan kafin ka nemi shawara. Kada ka yi mini kewaye-kewaye, na san ka, in ka yi laifi zance ya fi yi maka yawa.

Ka gai da uwar yaran, ka ce ta rage maka shayi.

Babanka

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka ce wa jikar taka na ji saƙonta, ta jira ni.

Ba a canja ba. Ni nake zaɓa. Ni na tura Sai Gobe, shekara uku da suka wuce. Amma Baba ka duba mini, wata uku ne fa cur, kuma kwas ɗin kullum yana faɗowa daidai lokacin littattafan makaranta, lokacin da Tsohuwa ba ta hutawa. Wa zan ɗauke? Wanda in ya tafi aiki ya tsaya, ko wanda in ya tafi sai an yi mako kafin a lura ba ya nan? Ni ba don ƙiyayya na yi ba. Kowace shekara ina ce wa raina baɗi in an samu sarari sai Bahago.

Haka na je na faɗa wa Mai Tabarau. Ta bari na gama tsaf, sannan ta cire tabaraun ta ce, “Malam, wato a sashenka ladar iya aiki ita ce mutum ya tsufa a inda yake tsaye?” Na ce ba ta san ɗakin inji ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san mutum tara na tura, shida sun ɗauki takardarsu sun tafi wasu wurare, biyu sun koma wasu sassa, ɗayan da ya rage kuma ga shi zai hau sama. Na ce a ɗaga wa Bahago ƙafa mana. Ta ce wannan ne gurbi na farko a sabon tsari, in ta karya sharaɗi tun yanzu ba wanda zai sake yarda da allon. Na fito na koma ɗakin inji.

An ba Sai Gobe kujerar. Ranar Litinin ya sauko da sabuwar riga da takardar tsari a hannu. Baba, bangon littafi mai baƙi da shuɗi ya sa a farko, aikin ruwan ɗorawa mai haske a bayansa. Ko wanda ya yi wata guda a ɗakin inji ya san mai haske ake fara bugawa, in ba haka ba sai an tsaya an wanke rolar tawada kaf. Na zuba ido ina jiran Bahago ya gyara masa, kamar yadda yake gyara mini. Ya karɓi takardar, ya duba, ya ce “To.” Ya bi ta yadda aka rubuta. Rabin yini suka ɓata wajen wanki, Bahago da Baban Biyu, wanda ke bi masa a iya aiki.

Da aka tashi na tare shi a wajen wanke hannu na ce, “Haba Bahago, ka ga kuskure ka yi shiru?” Ya ci gaba da cuɗa sabulu, bai ɗago ba, ya ce, “Maigida, ni na inji ne. Tsari na masu takarda ne.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Direba kuma ya tsegunta mini ya gan shi a tashar bas da wani mutumin wata maɗaba'a suna magana ƙasa-ƙasa. In ya tafi, Baba, ba injin kaɗai zai tsaya ba. Mutumin nan ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara ɗaura farantin bugu a inji, ni na zauna da shi a asibiti da aka yi wa matarsa aiki. Ba ni da ƙane namiji, shi na ɗauka.

Kai ka yi sa'a, a lokacinka aiki bai kai haka yawa ba, shi ya sa ka iya sakina na je kwas duk da ni ne hannun damanka. Ni ban samu wannan sararin ba. Ka fahimce ni.

A gai da Inna.

Ɗanka,
Dogo

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Wannan da hannuna na rubuta, ban bar yarinyar ta gani ba. Kwana huɗu ina juya ta, har direbanku ya zo ya koma babu amsa.

Ka ce kai ne hannun damana. Dogo, ba kai ba ne. Ka tuna Gajere? Shi ne. Kai yaron kirki ne, ba ka makara, ba ka ƙarya, amma a shekarun nan hannunka yana da nauyi, takardar da kake ɓatawa a wata ta isa a buga wa makaranta guda jarrabawa. Da fom ɗin kwas ya zo na duba ɗakin, na ga in ka yi wata uku ba ka nan ba abin da zai ragu sai asara. Shi ya sa na tura ka. Aiki kuma yana da yawa a lokacin, kada ka ba ni uzurin da ban nema ba.

Ka dawo da takarda. Daga baya ka gyaru, ban hana maka wannan ba, ka zama ma'aikaci na gaske. Amma da aka zo neman mataimakina, kai ke da takarda, Gajere ba shi da ita. Ya yi shekara guda yana karɓar umarni daga gare ka, sannan ya tafi. Kai ka ɗauka kwaɗayi ne ya ja shi, ni kuma na bar ka a haka.

Ka san inda ya ƙare? Wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, yana sassaƙa hatimin roba. Mutumin da ke haɗa kala da ido ta fito kamar an auna. Shekara ashirin in na bi ta wurin zai miƙe ya gaishe ni da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya ba ni kujerarsa. Bai taɓa yi mini maganar ba, bai kuma taɓa taka gidana ba. Ya rasu shekara biyu da suka wuce. Na je gaisuwa, ɗansa ya tambaye ni ko ni wane ne.

Ban taɓa zaunar da kai na ce ka riƙe gwani ka tura rago ba. Kallona ka yi ka koya, kamar yadda ka koyi goge rola. Wannan ya fi ci mini rai a kan Gajere ma.

Shawarar da ka nema ga ta. Ka daina zuwa ofishin matar nan kana roƙon alfarma. Ka je ka ce a ba ka gurbin kwas na bana da sunansa, injin kuma kai za ka riƙe. In ka ɓata takarda, ai ba yau ka fara ba.

In ka yi fushi da ni ka yi, hakkinka ne. Ka yafe mini in ka huce.

Babanka

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Mako shida ban rubuto ba, kuma ba zan ce aiki ne ya hana ni ba. Na yi fushi. Shekara ashirin da biyar ina ba 'ya'yana labarin yadda maigidana ya zaɓe ni a cikin mutum goma sha biyu. Da na karanta wasiƙarka na zauna a mota a bakin gida na kasa shiga, har uwar yara ta leƙo ta ce ko mutuwa aka yi. Ban huce duka ba, amma na yafe. Ba ni da bakin ƙin yafewa, za ka ga dalili.

Na yi abin da ka ce. Na hau wajen manaja da Mai Tabarau na ce gurbin bana na Bahago ne. Manaja ya ce wa zai riƙe Tsohuwa, na ce ni da Baban Biyu. Ya yi dariya, ya ce in gwada mako biyu ya gani. Baba, shekara goma ina zaune a kujera. Ranar farko na ɓata takarda dubu huɗu, ja ya hau kan fuskar mutane a hoto kamar an mare su. Baban Biyu ne ya yi ta rufa mini asiri, ashe shi ma gwani ne ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Bayana har yanzu ba ya miƙewa sosai. Amma a mako na biyu aiki ya fita, manaja ya sa hannu. Mai Tabarau ma ta ƙara da nata, ta ce za a buɗe gurbin mataimakin mai tsara aiki, za ta jinkirta liƙa shi har Bahago ya dawo da takardarsa.

Na sauko da gudu kamar yaro na faɗa masa. Ya goge hannu, ya ce, “Na gode, Maigida.” Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne a sabon tsari kowa yana da damar ganin fayil ɗinsa. Na ce haka ne.

Ga abin da na ɓoye maka. Na ce maka ni nake zaɓa, amma ban faɗa maka yadda fom ɗin yake zuwa ba. Bayan tafiyarka an ɗan sauya shi. Ofis ne ke bugo sunan wanda ya fi kowa maki a kimantawar ƙarshen shekara, shugaban sashe ya amince ko ya sa wani. Makin kuwa ni nake bayarwa, kuma ban taɓa tauye shi ba, abin da ya cancanta nake rubutawa. Don haka tun shekararsa ta uku sunan Bahago ne ke zuwa a buge. Ni kuma in ɗauki biro in ja layi a kansa, in rubuta a gefe “ba za a iya sakinsa ba”, in sa wani. Sau bakwai. Duk suna cikin fayil ɗin.

Na so in riga fayil ɗin faɗa masa. Sau biyu na je har jikin injin, sai in tsinci kaina ina tambayarsa ko tawada ta isa. Ranar Laraba ya hau sama, ya yi kusan awa guda. Ya sauko ya ƙarasa aikinsa, ya share Tsohuwa fes, ya nemi hutun kwana uku. Yau kwana na biyu.

Ka yi mini addu'a, Baba. A gai da Inna, a ce mata ban manta da ita ba.

Ɗanka,
Dogo

*

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan bayan ya yi sauƙi. Na zaɓi rubutu ne saboda in na tsaya a gabanka ba zan iya faɗa ba.

Na miƙa takardar barin aiki a ofis. Zan cika wata gudan da ƙa'ida ta ce. Inda zan je inji zan fara riƙewa kamar nan, amma sun rubuta mini cewa bayan shekara zan shiga tsara aiki.

Na ga wahalar da ka sha a mako biyun nan, kuma ban raina ba. Da na hau sama niyyata in karɓi kwas ɗin. Shekarun nan duk na ɗauka ofis ne ba su san da ni ba, ko kuma akwai abin da na gaza wanda ba ka son faɗa mini don kada ka karya mini gwiwa. Shi ya sa nake riga kowa zuwa. Na ce wata rana za ka ga na kai.

Ashe ka gani tun tuni, Maigida. Na karanta abin da kake rubutawa a kaina duk shekara, ko mahaifina bai taɓa yabona haka ba. A shafi na gaba kuma sai in ga layin. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa. Shekarar da aka haifi babbar 'yata akwai, shekarar da muka zauna a asibiti ma akwai. Ba na zarginka da mugunta, na san sona kake yi. Amma ba zan iya ci gaba da gaishe ka kullum da safe ina ganin biron nan a aljihunka ba.

Alherinka a kaina da iyalina ba zan manta ba. A watan da ya rage zan nuna wa duk wanda ka ba ni halin Tsohuwa, ba zan ɓoye komai ba.

Roƙona ɗaya ne. Kada gurbin kwas ɗin ya tafi a banza. Ka ba Baban Biyu. Na san bayan tafiyata shi kaɗai zai rage maka a kan injin.

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Naka mai biyayya,
Bahago

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ga wasiƙar Bahago na haɗo maka, ka karanta da kanka, ba ni da ƙarfin maimaitawa. Ya tafi ranar Juma'a. Ya gaishe ni da hannu biyu.

Aikin littattafan makaranta ya shigo jiya, ya fi na bara yawa. Fom ɗin kwas ya dawo teburina, na rubuta sunan Baban Biyu. In ya tafi ni kaɗai ne a kan Tsohuwa wata uku, kuma ka fi kowa sanin hannuna. Wallahi Baba, tun safe sau biyu ina ɗaukar biro, har na fara tsara abin da zan rubuta a gefe.

Na ba direba fom ɗin na ce ya haura da shi ofis, ya dawo ya shaida mini an karɓa, sannan in ba shi wannan wasiƙar. Ban yarda da kaina in kwana da fom ɗin ba.

A gai da Inna.

Ɗanka,
Dogo